Pavarotti: Na'ura Tana Yaɗa Murya, Ba Ta Gina Ta

Masu iya magana kan ce, sai an sha wuya akan sha daɗi. Duk da cewa bakinmu ya saba da wannan karin magana, zamanin da muke ciki yana neman ƙaryata ta, musamman a fagen waƙa, inda matashi zai shiga situdiyo da safe, kwamfuta ta daidaita masa murya, kafin magariba ya zama tauraro. A matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, wanda sauti da yadda ake furta shi ne abincinsa, ina ganin rayuwar mawaƙin nan na Italiya, Luciano Pavarotti, ta isa hujja a kan cewa na'ura tana yaɗa murya ne kawai, ginin muryar kuwa aikin shekaru ne.

Ga mai karatun da bai saba da wannan fage ba, opera wasan kwaikwayo ne da ake rera dukkan maganganunsa a kan dandamali, tare da rakiyar makaɗa masu yawa. Muryar namiji mai tashi sama ita ake kira tena, kuma galibi ita ke ɗaukar rawar jarumi. Abin lura a nan shi ne, a al'adar opera ba a ƙara wa mawaƙi sauti da lasifika. Zauren Metropolitan da ke birnin New York yana ɗaukar mutum kusan 3,800, kuma wajibi ne na kujerar ƙarshe ya ji kowace gaɓa, alhali ga kiɗa yana tashi a tsakaninsu. Huhu da tantanin maƙwallato da kogon baki su ne kaɗai jarin mawaƙin.

An haifi Pavarotti a garin Modena a 1935. Mahaifinsa mai gasa burodi ne, mahaifiyarsa kuma ma'aikaciyar kamfanin taba. Ya yi koyarwa a makarantar firamare, ya kuma yi tallar inshora don ya riƙe kansa. A 1954 ya fara ɗaukar darasi a wurin Arrigo Pola, daga baya ya koma hannun Ettore Campogalliani, amma bai hau dandamalin opera ba sai a watan Afrilun 1961, a garin Reggio Emilia, cikin wasan La bohème. Shekara bakwai ke nan yana koyo ba tare da duniya ta san da zamansa ba.

To me ake koyo har na tsawon shekara bakwai? A nan ne ilimin furuci ya shigo. Baƙi yana tare iska ko ya matse ta, wasali kuwa yana sakinta, saboda haka a kan wasali mawaƙi yake jan sauti. Italiyanci, kamar Hausa, mafi yawan kalmominsa da wasali suke ƙarewa. Sai dai kuma yayin da murya ta yi sama sosai, wasula sukan rikiɗe su yi kama da juna, har mai sauraro ya kasa bambance kalma. Gwanintar Pavarotti ita ce wasalinsa yakan fito tangaran ko a ƙololuwar sauti, ta yadda Ba'italiye zai iya rubuta abin da yake rerawa. Kuma ko bayan ya fara suna bai daina koyo ba. A rangadin da suka yi a Ostireliya a 1965, ya lura da yadda mawaƙiya Joan Sutherland take sarrafa numfashi, ya kuma sha faɗin cewa ya ƙaru da ita ƙwarai.

Sakamakon ya bayyana a watan Fabrairun 1972 a zauren Metropolitan, inda ya buga wani sauti mai tsananin tsayi har sau tara a cikin waƙa guda, jama'a suka yi ta tafi har sai da ya fito gaishe su sau 17. Ko a lokacin yana da faya-fayai a kasuwa, amma wannan daren da maƙogwaronsa kaɗai ya ci shi.

Daga nan ne na'ura ta yi nata aikin, kuma ba na cikin masu raina shi. A ranar 7 ga Yulin 1990, jajibirin wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya, Pavarotti da Plácido Domingo da José Carreras suka rera tare a birnin Rum, talabijin ya kai su gidajen miliyoyin mutane, faifan kuma ya yi kasuwar da faifan irin wannan kiɗa bai taɓa yi ba. Masu ra'ayin riƙau sun zarge shi da zubar da darajar opera, wai ya fitar da ita daga zaure ya kai ta fili. A ganina wannan zargi bai da tushe. Ɗan mai burodi ne ya mayar wa talakawa abin da tsadar tikiti ta hana su, kuma abin da lasifika ta ɗauka a daren nan shi ne abin da aka gina tun 1954.

Inda masu sukar suke da gaskiya shi ne ƙarshen tafiyar. A 1989 gidan opera na Chicago ya raba gari da shi saboda yawan soke wasanni. A 1992 'yan kallo suka yi masa ihu a zauren La Scala na Milan bayan muryarsa ta karye. Ya yi wasan opera na ƙarshe a 2004. Sannan a bikin buɗe gasar Olamfik ta lokacin hunturu a Turin a 2006, duniya ta ga yana rerawa, amma a 2008 jagoran makaɗan, Leone Magiera, ya bayyana cewa an naɗi muryar tun kwanaki kafin bikin, domin jikinsa ba zai iya jure sanyin daren ba. Ya rasu a watan Satumban 2007 sanadiyyar ciwon daji, yana da shekara 71. Ba na faɗin wannan don cin zarafin mamaci. Hasali ma muryar da aka saki a daren tasa ce, ba ta aro ba. Ina dai nuni ne da cewa na'ura tana iya rufa wa gwani asiri na dare ɗaya, amma ba ta iya mayar masa da ƙarfin da ya tafi, balle ta ba wanda bai taɓa samu ba.

Saboda haka ina kira ga matasanmu masu sha'awar waƙa da su gwada kansu da wannan ma'auni: idan aka ɗauke wuta, me zai rage? Alhaji Mamman Shata ya shekara fiye da hamsin yana riƙe taro da muryarsa da kalangu, rediyo da kaset sun same shi ne da abinsa. Wanda duk yake son muryarsa ta daɗe bayan ransa, to ya nemi malami, ya koyi numfashi, ya gyara furucin harshensa, sannan ya nufi situdiyo. Allah Ya sa mu dace.