Babur Mai Ƙafa Huɗu: Wanne Ya Fi Hawan Tudu?

Duk mai niyyar sayen babur mai ƙafa huɗu a Abuja, ya fara duban tuddan Mpape da Katampe tukuna. Yamaha Banshee, wanda ya fito a 1987 da inji mai cc 347, ba ya nuna ƙarfinsa sai an ba shi wuta sosai, saboda haka rairayi ne filinsa. Shi kuwa Raptor 700, mai cc 686, yana ja ko da ana tafiyar hawainiya, abin da hawa mai tsakuwa ke bukata ke nan. Amma fa dukansu ƙafafun baya kaɗai ke turawa. Mahayin da bai duƙa gaba ba, babur yana iya miƙewa ya danne shi. A sa hular kwano, rigakafi ya fi magani.