Birnin Caca Da Hanyar Da Ya Biyo Zuwa Ƙasar Gobir

A cikin watan Yuli na shekarar 2024, mutum 10,112 suka hallara a birnin Las Vegas na ƙasar Amurka, kowannensu ya ajiye dala 10,000 domin ya sami kujera a babbar gasar karta ta duniya, watau wasan nan da ake kira foka. Wani Ba'amurke mai suna Jonathan Tamayo shi ne ya cinye gasar, ya tashi da dala miliyan 10, aka yi ta buga hotonsa a jaridu yana dariya a gaban tarin kuɗi. Abin da ba a cika bugawa ba shi ne, mutum 1,517 kaɗai suka sami wani abu a cikin wannan taro, sauran 8,595 kuwa suka koma gida hannu Rabbana, ban da kuɗin jirgi da na masauki da suka kashe.

Watanni huɗu bayan wannan, ran 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci a kan ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, inda ta ce Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005 ba ta da iko a kan jihohi, sai dai a Babban Birnin Tarayya kaɗai. Ma'anar hukuncin ita ce, tsara harkar caca ko hana ta ya koma wuyan majalisar dokokin kowace jiha. Ga Jihar Sakkwato, musamman ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa da ke gabashin jihar, labaran nan biyu suna da dangantaka, domin lissafin da ya raba mutum 8,595 da kuɗinsu a Las Vegas shi ne kamfanonin caca ke aiki da shi yau a cikin wayar hannu, har a ƙauyukan bakin iyaka.

LISSAFIN TAFIYAR

Akasarin waɗanda ke zuwa irin wannan gasa ba ƙwararru ba ne. Ma'aikata ne da 'yan kasuwa da 'yan fansho, waɗanda ke buga karta da abokai a gida, sa'an nan su tara kuɗi shekara guda, su ɗauki hutu, su nufi birnin caca da sunan shaƙatawa da gwada sa'a. A kuɗin canji na tsakiyar 2024, dala 10,000 ta kai wajen Naira miliyan 15. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a cikin wannan wata na Yuli, sai ya yi kusan shekara 18 bai taɓa ko kwabo a albashinsa ba kafin ya tara kuɗin kujera ɗaya.

A wasan foka 'yan wasa junansu suke ci, gidan caca ba ya shiga cikin wasan. Abin da yake yi shi ne ya cire la'adarsa tun kafin a raba karta. A cikin kowace dala 10,000, dala 9,300 ke shiga asusun kyauta, dala 700 kuwa ta masu gida ce da ma'aikatansu. Ke nan a gasar 2024 kaɗai an ware fiye da dala miliyan 7 ba tare da masu gida sun damu da wanda ya ci ko wanda ya faɗi ba. Masu kare wasan sukan ce ai akwai gwaninta a cikinsa, ba sa'a zalla ba, kuma wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. To, amma gwanintar ba ta ɗan yawon hutu ba ce. Akwai waɗanda karta ita ce sana'arsu dare da rana, kuma abincinsu yana fitowa ne daga aljihun baƙon da ya zo shaƙatawa.

An fara wannan gasa a 1970 a gidan cacar wani mutum mai suna Benny Binion, da 'yan wasan da ba su cika tebur biyu ba. Abin da ya bunƙasa ta shi ne labarin wani akanta daga Jihar Tennessee, Chris Moneymaker, wanda ya sami kujerarsa ta hanyar wata ƙaramar gasa a intanet, ya zo a 2003 ya doke mutum 838, ya tafi da dala miliyan biyu da rabi. Shekara uku bayan haka, a 2006, masu shiga gasar suka kai 8,773. Nasarar mutum ɗaya ta jawo dubbai, kuma kowane ɗaya daga cikin dubban nan ya biya la'ada.

YADDA AKE GINA BIRNIN CACA

Duk wanda ya dubi tarihin biranen caca zai ga sukan tsiro ne a inda doka ta sha bamban tsakanin maƙwabta biyu. Jihar Nevada, inda Las Vegas yake, ta halatta caca a 1931, alhali maƙwabciyarta California mai yawan jama'a da arziki ba ta yarda da irin waɗannan gidaje ba, saboda haka mutanen California suka riƙa ƙetarowa da kuɗinsu. A 1979 aka buɗe Sun City a yankin Bophuthatswana, domin a lokacin dokar Afirka ta Kudu ta hana gidajen caca, sai aka gina shi inda mutanen Johannesburg za su iya zuwa da mota su koma. Ƙasar Monako kuwa, wadda gidan cacar Monte Carlo ya yi wa suna a duniya, ta hana 'yan ƙasarta yin caca a cikinsa. Baƙi kaɗai ake so.

A nan ne asirin yake. Birnin caca yana arziki ne saboda masu asara daga waje suke zuwa. A 2023 gidajen cacar Nevada sun ci fiye da dala biliyan 15 daga hannun 'yan wasa, jihar ta karɓi harajinta, masu otal da masu abinci da direbobi suka sami nasu. Garin da ɗan wasa ya baro ba ya samun komai sai labari da bashi.

GOBIR DA IYAKARTA

Mutanen Sabon Birni da Isa sun san zaman bakin iyaka tun kafin zuwan Turawa. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawa suka rarrabu, waɗansu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga bisani Ɗan Halima ya baro can ya kafa Sabon Birni. Da Ingila da Faransa suka shata iyaka, sai dangi ɗaya suka wayi gari a ƙarƙashin doka biyu, amma auratayya da fatauci da cin kasuwa ba su tsaya ba.

A ɓangaren Nijeriya doka ba ta taɓa sakar wa caca mara ba. Kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya tanadi hukunci a kan buɗe gidan caca. A 1977 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta haramta na'urorin caca. A shekarar 2000, zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa, wanda shi kansa ɗan ƙasar Isa ne, Jihar Sakkwato ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, watanni kaɗan bayan Zamfara, kuma hanin da ke cikin Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida game da caca sananne ne ga kowane ɗalibi. A ɓangaren Nijar kuwa gwamnati ce da kanta take da kamfanin caca na ƙasa, watau LONANI, kuma ana sayar da tikitin cacar sukuwar dawakin Faransa a fili.

Duk da haka, cacar da aka sani a da tana da iyaka. Ɗan karta sai ya nemi lungun kasuwa ko bayan tasha, ko kuwa ya ƙetara iyaka, kuma ko'ina ya je akwai idon da zai gan shi ya kai labari gida. Kunya da kuɗin mota da tsoron dogarai sun isa su hana mutane da yawa. Tafiyar ita kanta shinge ce.

WAYA TA RUSHE SHINGEN

Kamfanonin cacar ƙwallo irin su NairaBet, wanda aka kafa a 2009, da Bet9ja, wanda ya biyo baya a 2013, sun fara ne da shaguna a birane, daga baya harkar ta koma cikin waya. Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023, sakamakon canjin fasalin Naira, ya tilasta wa mutanen karkara da yawa buɗe asusu a waya da hulɗa da masu POS. Asusun nan da ɗan ci-rani ke aiko wa iyayensa kuɗi ta cikinsa daga Legas ko Fatakwal, shi ne kuma ake iya zuba kuɗin caca da shi cikin minti ɗaya, a cikin ɗaka, ba wanda ya gani.

Lissafin wannan caca ya fi na foka tsanani. A ɗauka misali kamfani yana cire kashi 5 cikin 100 a kan kowane wasa. Wanda ya haɗa wasanni goma a tikiti ɗaya don kwaɗayin babbar riba, la'adar nan tana hawa kan juna sau goma, har ta kai kusan kashi 40 cikin 100. Watau a kowace Naira 1,000 da irin waɗannan 'yan wasa suka zuba, abin da ke komowa gare su gaba ɗaya bai wuce Naira 600 ba. Kamar yadda aka yi da Moneymaker, hoton wanda ya ci ake yaɗawa, na dubban da suka faɗi ba mai ɗauka. Hausawa dai sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wannan duk yana faruwa ne a yankin da ba shi da rarar da zai zubar. Shekara da shekaru 'yan bindiga sun addabi gabashin Sakkwato da kisa da satar shanu da ɗora wa ƙauyuka haraji. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, ciki har da Isa da Sabon Birni, aka kuma dakatar da waɗansu kasuwannin mako. A ƙarshen Yuli na 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun masu garkuwa a watan Agusta. An rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023. Saurayin da aka raba da gonarsa, fatauci kuma ya gagara, shi ne wanda tallan Naira ɗari ta zama miliyan ya fi saurin kamawa. Kuma tun da jihar ta haramta caca, ba ta karɓar haraji a kanta kamar yadda Legas ke yi, saboda haka kuɗin da ya fita ta waya ya tafi ke nan. A wannan ciniki ƙasar Gobir tana matsayin garin da ɗan wasa ya baro.

ABIN DA YA RAGE GA HUKUMA

A watan Oktoba na 2024 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a cikin birni. Wannan mataki yana da amfaninsa, amma kwaɗon da ake sa wa ƙofar shago ba ya kama waya. Dokokin da ake da su an rubuta su ne da gidan caca da tabarmar 'yan karta a zuciya, saboda haka akwai bukatar Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ta yi amfani da ikon da Kotun Ƙoli ta tabbatar mata, ta yi doka da ta ambaci cacar intanet da sunanta, ta kuma ɗora alhaki a kan kamfanoni da dillalansu fiye da yaron da aka yaudara.

Sai dai kuma harkar sadarwa da ta banki suna hannun Gwamnatin Tarayya, don haka dokar jiha ba za ta yi tasiri ba sai da haɗin kan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa da Babban Bankin Nijeriya, waɗanda ke da ikon umartar kamfanoni su toshe hulɗa daga inda doka ta hana. Game da iyaka kuwa, akwai Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 mai hedkwata a Yamai, kuma nan ne wurin da ya dace a kai irin wannan magana.

Ma'aikatan gwamnati ya kamata su tuna cewa ƙa'idojin aiki sun lissafa nutsewa cikin bashi a jerin manyan laifuffuka, kuma sau da yawa daga nan ne hannu ke fara kaiwa ga kuɗin hukuma. Malaman lissafi a makarantun sakandare na Isa da Sabon Birni su ma suna da rawar takawa, domin darasi ɗaya a kan yadda la'ada ke hawa kan la'ada zai iya yi wa ɗalibi rigakafin da wa'azi kaɗai bai yi ba. Iko dai ya dawo hannun jiha tun Nuwamba 2024, jama'ar gabashin Sakkwato kuwa suna da haƙƙin su tambayi wakilansu a majalisa abin da suka yi da shi.