Wai "part-time", amma sai ƙarfe huɗu ake tashi?

1/ Jama'a, akwai wata kalma da ake cutar mu da ita a garin nan, kuma da bakinmu muke taya masu cutar. "Part-time". Ku ɗan ba ni minti biyu.

2/ Ƙanwata tana koyarwa a wata makarantar kuɗi. Bakwai da rabi tana bakin get, ba ta tashi sai an gama lesin ƙarfe huɗu. Ranar Juma'a kaɗai ake sallamar su sha biyu da rabi. Ku lissafa, awa 39 ke nan a mako, ban da makin da take kwasowa gida. A takardar ɗaukarta aiki kuwa an rubuta "part-time". Albashi naira 25,000.

3/ Kalmar nan fa AWA take aunawa. Ma'anarta awanninka ba su kai na abokin aikinka mai cikakken lokaci ba. Shi ke nan. Ita da sauran malaman tare suke shiga, tare suke fita. To ina ragin?

4/ Mu ma da laifinmu. Sai ka ji an fassara ta da "aikin wucin gadi". Haba! Wucin gadi shi ne aikin da ke da ranar ƙarewa, irin ma'aikatan da INEC ke ɗauka lokacin zaɓe. Mutum zai iya shekara goma yana aikin awa uku kullum, ba wucin gadi yake ba. Amma da zarar ka yarda da sunan, ka yarda a kore ka gobe ba ko sannu.

5/ Yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ta duniya, ILO, mai lamba 175 ta 1994 ta ce kada a rage wa mai taƙaitattun awanni kuɗin awarsa don kawai awanninsa kaɗan ne. Rabin lokaci, rabin albashi. Ba cikakken lokaci da guntun albashi ba.

6/ Me ya sa suke son kalmar haka? Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ta cire wuraren da ake aikin "part-time" daga cikinta. Tun 2024 mafi ƙarancin ya koma naira 70,000. Kun gano inda aka dosa?

7/ Kada wani ya zo min da "ai gara da zaman banza". Na sani. Ita ma ba ta ajiye aikin ba, kuɗin Napep ma daga ciki yake fita. Abin da na ce mata kawai: ranar sabunta takarda ta ce a rubuta mata awa nawa ne a mako, da lamba. Shugaban makarantar ya ce zai duba. Yau wata uku yana dubawa.