DAGA KAN BENCI: Anthony Richardson, a Ci Gaba da Jira ko a Haƙura?

Na ga saƙonninku, na kuma gode, musamman 'yan uwa na Ingila da suke ta ƙorafin wai na cika maganar ƙwallon Amurka kamar babu wata ƙwallo a duniya. Ku ƙara haƙuri da ni wannan karon ma. A Indianapolis aka haife ni, a nan na tashi, kuma duk yaron da ya girma a garin nan lokacin Peyton Manning, Colts ta riga ta shiga jininsa.

Akwai jesi shuɗiya mai lamba 5 a ɗakina, da kuɗin aikin hutuna na saye ta a 2023. Ƙanena ya sa ni gaba, kullum sai ya tambaye ni, "Yaya, yaushe za ka mayar da rigar nan tsumman goge mota?" To yau dai zan ba shi amsa a gaban kowa, in faɗi abin da nake gani game da mai rigar, wato Anthony Richardson.

Ga waɗanda ba su saba da wasan ba, kwatabak shi ne madugun tawaga. Shi ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari, shi zai karanta yadda masu tsaron baya suka jeru, ya yanke shawara cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, ya jefa ko ya miƙa ko ya ruga da kansa, alhali ƙarti huɗu ko biyar suna neman danne shi. Ƙungiya 32 ce a NFL, don haka kujerar mai fara wasa 32 ce kacal. Ba a ba mutum ita don tausayi.

Mu fara da abin da ya sa aka ɗauke shi. A gwajin sabbin 'yan wasa na 2023, wanda a nan garinmu ake yin sa, yaron nan ya zo da tsawon ƙafa 6 da inci 4, da nauyin fam 244, ya kuma ci yadi 40 cikin daƙiƙa 4.43. Ya yi tsalle sama inci 40.5, abin da babu kwatabak ɗin da ya taɓa yi a wannan gwaji kafin lokacin. Hannu kuwa ba a magana, kamar harbin bindiga. Colts suka ɗauke shi a lamba ta 4. Tun da Andrew Luck ya yi ritaya ba zato a watan Agusta na 2019 muke ta canza madugu kamar riga: Jacoby Brissett, Philip Rivers, Carson Wentz, Matt Ryan. Mun gaji da haya, muna son namu na kanmu. Daren da aka kira sunansa, ihun da na yi sai da Mama ta leƙo ta ce lafiya?

Amma akwai wata lamba da muka gani muka kau da kai. A Jami'ar Florida, wasa 13 kacal ya taɓa farawa. A kakarsa ɗaya tilo a matsayin mai fara wasa, 2022, kashi 53.8 cikin ɗari na jifansa ne suka isa hannun mutanensa. A matakin jami'a ke nan fa, inda masu tsaron baya ba su kai na NFL sauri da wayo ba. Kowa ya san ɗanye ne, har kocin Colts Shane Steichen da manaja Chris Ballard. Dabararsu ita ce a jefa shi cikin kogi ya koyi iyo a can.

A 2023 wasa huɗu kawai ya buga. A mako na biyu ya bugu a kai a Houston, a mako na biyar kafaɗarsa ta jifa ta goce a wasa da Titans, aka yi masa tiyata, kaka ta ƙare masa tun a Oktoba. Gardner Minshew ya karɓa, ƙungiya ta gama da nasara 9 da rashin nasara 8. Mu kuwa muka ce ba komai, ai mun ga alama, baɗi ne namu.

Baɗin ta zo. Wasan farko na 2024, da Texans, ya ishe ka sanin ko wane ne Richardson. Ƙafarsa ta zame, yana shirin faɗuwa, ya saki ƙwallo ta tafi kamar ba za ta sauko ba, ta faɗa hannun Alec Pierce, tacdawun na yadi 60. Wallahi mutanen da za su iya wannan jifa a duniya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Amma a wasan nan duka, jifa 9 cikin 19 ne suka shiga, kuma muka sha kashi 29 da 27.

Haka kakar ta tafi. Ya fara wasa 11, ya jefa 264, guda 126 suka isa, wato kashi 47.7. Matsakaicin NFL a shekarar yana wajen kashi 65. Tacdawun 8 ta jifa, sau 12 kuma abokan hamayya suka cafke ƙwallonsa. Da ƙafa ya ci yadi 499 da tacdawun 6, wannan kam ba a raina ba.

Masu kare shi suna da hujja, ni ma na sha kawo ta. Colts sun riƙa sa shi jifa mai nisa fiye da yawancin takwarorinsa, kuma jifa mai nisa dole ta fi ɓata. Akwai waɗanda suka taɓa hannun masu karɓa suka zube. Kuma ba a cika kayar da shi da ƙwallo a hannu ba, don yana da ƙarfin ture mutum ya fice. Duk na yarda. Sai dai ku koma ku kalli wasannin da idon basira. Abin da ke kashe shi shi ne jifa ta kusa, ta yadi biyar zuwa goma, wadda ita ce tuwon yau da kullum na kwatabak. Mutum yana tsaye shi kaɗai a fili, ƙwallo ta wuce saman kansa, ko ta zo da ƙarfin da babu mai iya riƙewa. Ka dubi ƙafafunsa a lokacin, za ka ga ba su daidaita da inda yake nufi ba, hannu kawai ke aiki. Idan ka ɓata ta farko da ta biyu, sai ka tarar da kanka a yunƙuri na uku da yadi goma a gabanka, masu tsaron baya kuma sun san jifa za ka yi. Daga nan ake samun cafkewa.

Sai ranar 27 ga Oktoba 2024 a Houston. Bayan ya yi ta guje-guje, ya buga hular kwanonsa da hannu, alamar a canza shi, ya fita na yunƙuri ɗaya. Da 'yan jarida suka tambaye shi, ya ce gajiya ce ya yi, bai ɓoye ba. A ranar jifa 10 cikin 32 ya kai. Ina kallo da Baba, wanda har yau yake kiran wasan nan "kokawar masu hular kwano". Na fassara masa abin da ya faru. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Gajiya ba laifi ba ce, kowa yana gajiya. Amma madugu ba ya sauka daga kan raƙumi ayari na kallo." Na so in yi musu, na rasa ta inda zan fara. Colts suka zaunar da shi a benci wasa biyu, suka sa tsoho Joe Flacco, aka cinye mu duka biyun.

In za a yi adalci, sai a faɗi abin da ya biyo baya. Ya dawo ranar 17 ga Nuwamba, ya ruga da ƙwallo da kansa a mintin ƙarshe muka ci Jets 28 da 27. Makonni biyu bayan haka a New England ya ja doguwar tafiya a ƙarshen wasa, aka ce a nemi maki biyu maimakon a yi kunnen doki, ya kutsa da ƙirjinsa, 25 da 24. Yaro marar zuciya ba ya yin haka. Amma wasanni biyu na ƙarshen kakar bai buga ba, ciwon baya ya kwantar da shi.

A 2025 Colts suka kawo Daniel Jones, wanda Giants suka sallama, suka ce a yi takara. A watan Agusta Steichen ya ba Jones kujerar. Na ji haushi ranar, na rantse. Sai ga shi da koci ɗaya, da kusan mutane ɗaya, Jones ya ci wasa 7 cikin 8 na farko. Ba wani sihiri ya yi ba, jifar kusa yake kaiwa a kan lokaci, Jonathan Taylor kuma ya yi ta gudu. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, don ya rushe hujjata ta cewa laifin na tsarin ƙungiya ne. Sannan ƙaddara ta ƙara nata: a watan Oktoba, yana motsa jiki kafin wasa, robar miƙe jiki ta yi sanadin karyewar ƙashin kwarmin idonsa. Da jijiyar agarar Jones ta tsinke a Disamba, lokacin da Richardson zai samu damar da yake jira, ba shi da lafiyar karɓa. Sai da Colts suka je suka taso Philip Rivers mai shekara 44 daga ritaya. Kaka ta ƙare 8 da 9.

Yanzu sai tambaya: ya ƙare ke nan? Abokaina masu fata kullum Josh Allen suke kawowa. Gaskiya ne Allen ya fara da kashi 52.8 a 2018, ya hau 58.8 a 2019, ya kai 69.2 a 2020, har ya zama gwarzon ɗan wasan NFL na kakar 2024. Amma ku lura da abu biyu. Allen hawa ya yi ta yi, Richardson kuwa daga 59.5 a 'yan wasanninsa na 2023 ya sauko 47.7. Na biyu, Allen ya fara wasa 27 a shekaru biyunsa na farko, Richardson 15. Wanda ya fi kowa bukatar ya yi ta bugawa, shi ne wanda jikinsa ya fi hana shi bugawa. Salon wasansa na karo da mutane shi ne makaminsa, kuma shi ne yake kai shi asibiti.

Ni misalin da na fi gani ya dace shi ne Sam Darnold. Jets sun ɗauke shi a lamba ta 3 a 2018, suka jefa shi fili yana da shekara 21, ya sha wuya, ya je Carolina abin bai gyaru ba. A 2023 ya yarda ya zauna a benci a San Francisco, bayan Brock Purdy, a hannun Kyle Shanahan. Shekara ta zagayo ya ci wasa 14 da Minnesota, a watan Fabrairu na 2026 kuma ya ɗaga kofin Super Bowl da Seattle. Ga Malik Willis, mai irin gudu da hannun Richardson, wanda ya rasa gane kansa a Tennessee, ya je Green Bay a 2024 a matsayin ɗan jiran ko-ta-kwana, ya ci wasanni biyun da aka ba shi ya fara a kakar. Patrick Mahomes kansa shekara guda ya yi yana kallon Alex Smith, Jordan Love kuwa uku ya yi a bayan Aaron Rodgers.

Baba tela ne tun kafin ya zo ƙasar nan. Ya sha gaya mana cewa ya daɗe a shagon maigidansa yana guga da ɗinkin maɓalli kafin a bar shi ya sa almakashi a shaddar mutane. Da muna yara dariya muke yi. Yanzu na gane cewa abin da aka yi wa Richardson shi ne an miƙa masa almakashi da shadda mai tsada tun ranar farko, da ya ɓata kuma aka ce ba shi da hannu. Rabin laifin na masu shagon ne. Sauri ya haifi nawa.

To ga hukuncina, ku rubuta ku ajiye. Duk ƙungiyar da take neman kofi, bai kamata ta ba Anthony Richardson kujerar mai fara wasa don abin da ya nuna daga 2023 zuwa 2025 ba. Kashi 47.7 ba ya riƙe gida, komai kyan jifa ɗaya a mako. Amma duk wanda ya ce ya ƙare ya yi gaggawa, don a watan Mayu na 2002 aka haife shi, akwai sauran lokaci. Abin da yake bukata shi ne cikakkiyar shekara da lafiya, a bayan wani gogagge, a hannun kocin da zai gyara masa ƙafa ba tare da tsoron kora ba, a Indianapolis ne ko a wani gari. In na ga abu uku zan dawo cikin masu fata da ƙafa biyu: jifarsa ta haura kashi 60, ya koyi zamewa ƙasa maimakon karo da kowa, ya kuma gama kaka ba tare da jinya ba. In an tambaye ni wanne ya fi yiwuwa, zan ce ya fi kusa da zama ɗan benci mai amfani fiye da zama Josh Allen na biyu. Ba daɗin faɗa na ji ba, amma abin da idona ya gani ke nan.

Kai kuma ƙanena, jesi tana nan inda take, ba za ta goge motar kowa ba. Na dai cire ta daga bango na ninke a akwati.

Ku aiko da ra'ayinku ta imel kamar kullum, musamman 'yan New York, na san kuna da abin faɗa kan Daniel Jones. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, na yi wa 'yan Ingila alkawari, ƙwallon ƙafa za mu taɓa. Sai mun haɗu, a huta lafiya.