Kafin ki kai wa malami taken bincikenki

Wannan makon da masu digiri na biyu nake, musamman waɗanda ke haɗa karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da goyo da girki da aikin gwamnati. Wadda ɗanta ko 'yarta ke shirin rubuta kundin kammalawa ita ma ta matso kusa.

Abin da ya fi cinye wa mace shekara a wannan mataki shi ne rashin sanin abin da take nema. Sai ki ji an ce, "Zan yi bincike a kan tamowa a jihar Sakkwato." To tamowar wa? A wace ƙaramar hukuma cikin 23? Wannan fage ne kawai, kamar ki ce za ki kasuwa ba ki faɗi abin da za ki sayo ba. Duk malamin da ya san aikinsa zai maido miki da takardar, kuma kowace maidowa kuɗin mota ne zuwa Dundaye, wani lokacin har da kuɗin sabuwar rajista.

Ga misali a cikin garinmu. Asibitin Yara na Noma yana aiki tun 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF na tallafa masa tun 2014. Cutar noma tana farawa da kumburin dasashi, galibi ga yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Cikin kwanaki sai ta ci kunci da leɓe. Idan an gano ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Sai a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman hakan.

Wadda ta ce za ta yi "bincike a kan noma" ba ta ce komai ba tukuna. Matsalar tana cikin giɓin da ke tsakanin abin da ya kamata da abin da ke faruwa: cuta ce mai magani, amma sau da yawa ba a kai yaro asibiti sai fuska ta lalace. Me ya sa? Wasu masu bincike sun ɗauki ɓangare ɗaya tak, suka tambayi mutane da wane suna suke kiran cutar, kuma me suka ɗauka yana kawo ta. An buga aikin a 2020. Ni wannan tambaya ta burge ni, don a Hausa noma aikin gona ne. Idan uwa ta san abin da sunan ciwon iska, faɗakarwar rediyo a kan "noma" wucewa za ta yi ta bayan kunnenta, kuma wurin mai maganin gargajiya za ta fara zuwa.

Daga irin wannan matsala manufa take fitowa, jimla ɗaya: gano abu kaza, a wurin mutane kaza, a wuri kaza. Kada ki rubuta cewa manufarki kawar da cuta ce. Kundi bai taɓa warkar da kowa ba, abin da yake yi shi ne ba masu aiki bayanin da ba su da shi.

Sai ki auna ta da halinki. Idan amsar na buƙatar kwana goma a Illela alhali kina shayarwa, ki matso da ita asibitin unguwa inda za ki je ki dawo kafin azahar. Bincike a kan marasa lafiya kuma sai da izinin kwamitin ɗa'a, wanda kan ɗauki makonni, don haka ki nema da wuri.

Gwajin da nake ba abokan aikina shi ne su faɗa wa uwar miji ko maƙwabciya matsalar da Hausa, cikin jimla biyu, ba Turanci ko kalma ɗaya. Idan ta ce "To, sai me?" ki koma kan takarda tukuna.