Karatun jami'a ta intanet: Ɗalibin Bilma na buƙatar malamin da zai amsa masa tambaya

Ɗalibin da ya ci jarrabawar BAC a Bilma, idan yana son ci gaba da karatu a jiharsa, sai ya nufi Jami'ar Agadez da aka kafa a 2014. Tsakaninsa da ita akwai hamadar Tenere, tafiyar ɗaruruwan kilomita cikin rairayi, ga kuɗin mota, ga na haya da abinci. Iyaye da yawa da ke rayuwa da gishiri da dabino ba za su iya ɗaukar wannan nauyi ba, musamman idan ɗalibar mace ce.

Shi ya sa karatu ta intanet ke jan hankalin matasan Bilma, Dirku, Fashi da Jado. Nijar ta kafa jami'arta ta intanet, UVN, kuma kamfanin Starlink ya fara aiki a ƙasar a 2025. Sai dai akwai tambayar da ya kamata a amsa tun yanzu: mene ne wajibin malami a kan ɗalibin da bai taɓa gani ido da ido ba?

Abu ne mai sauƙi malami ya ɗora takardun darasi da bidiyo a shafi, ya ɓace sai ranar jarrabawa. Ɗalibin Yamai zai iya neman na gaba da shi ya yi masa bayani, ko ya je ofis ya tsare malamin. Na Bilma ba shi da wannan gata. Idan darasi ya shige masa duhu, ya aika tambaya aka yi shiru, ƙarshenta ya ajiye karatun, kuɗin rajista da na data sun tafi a banza. Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata, amma fa sai idan akwai mai amsawa.

Wasu ƙasashe sun riga sun sa wa wannan lamari ƙa'ida. A Amurka, dokar ma'aikatar ilimi da ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2021 ta wajabta mu'amala mai ma'ana tsakanin malami da ɗalibi a kai a kai. Dole a samu aƙalla biyu daga cikin abubuwa irin su koyarwa kai tsaye, duba aikin ɗalibi tare da yi masa gyara, amsa tambayoyi kan darasi, da jagorantar muhawara. Kwas ɗin da bai cika sharaɗin ba ana lissafa shi a matsayin karatun wasiƙa, abin da ke shafar tallafin gwamnati. Tun a 2017 masu binciken ma'aikatar suka nemi jami'ar Western Governors ta mayar da dala miliyan 713 kan wannan batu, kodayake a 2019 ma'aikatar ta ce ba sai ta biya ba. A Senegal kuwa, jami'ar intanet da aka kafa a 2013 ta buɗe cibiyoyi a garuruwa inda ɗalibai ke samun kwamfuta da intanet, tana kuma da masu bibiyar karatunsu.

Za a ce malamai sun yi kaɗan, aiki ya yi musu yawa. Gaskiya ne, kuma mutum ɗaya ba zai iya duba aikin ɗalibai dubu ba. Maganin shi ne a ƙayyade yawan ɗaliban kowane malami, a ɗauki mataimaka, a kuma biya su kuɗin sa'o'in da suke ɓatarwa wajen gyara da amsa tambayoyi.

A ganina, ma'aikatar ilimi mai zurfi ta rubuta sharuɗɗa a fili ga duk makarantar da ke koyarwa ta intanet, ta gwamnati ko mai zaman kanta. A sa wa'adin amsa tambaya, misali kwana 3. Kowane aiki ya dawo da gyara, kada a tsaya ga maki kawai. Ɗalibin da aka daina jin ɗuriyarsa mako 2, a neme shi. Kuma a yi la'akari da raunin sabis da wuta a Kawar: saƙon murya ko rubutu da ɗalibi zai sauke idan sabis ya dawo ya fi masa amfani a kan darasin bidiyo kai tsaye.

Ku kuma 'yan uwa da ke Libiya, Aljeriya ko Faransa kuna biya wa ƙanne kuɗin makaranta, kafin ku tura kuɗi ku tambaya: wa ke koyar da kwas ɗin, kuma cikin kwana nawa yake amsa ɗalibi? Makarantar da ta kasa ba ku amsa a rubuce, ku nemi wata.