DAGA INA ISKA TA KE ZUWA?

A cikin 2024 Gwamnatin Zamfara ta soma gina babban filin jirgin sama a Gusau. Jama'a sun fi zancen gine-gine da tsawon titi, amma mu nufinmu yau mu jawo hankalin masu karatu ga wani aiki da ba a cika kula da shi ba, watau auna iska da faɗin inda ta fito.

Mutanen Kwatarkwashi ba baƙin wannan ilmi ba ne. Sun san babban tsuntsu in zai tashi daga kan dutsensu, iska ya ke fuskanta, kamar yadda mai sheƙa ba ta ɗaga ƙwarya sai ta san inda ƙaiƙayi zai nufa. To, haka jirgin sama ya ke. Iskar da ke bugun goshinsa ita ke taimakon fikafikansa, ya tashi da wuri, in kuwa sauka zai yi, ya tsaya tun titi bai ƙare ba. Wadda ta biyo shi ta baya ingiza shi ta ke yi, wadda ta zo ta gefe kuwa tana neman kauda shi daga titi.

Saboda haka kowane titin jirgi baki biyu gare shi, kowane baki da lambarsa bisa ga kamfas. Babban titin Kano ana kiransa 06 da 24. Mai tashi ta bakin 06 ya fuskanci digiri 60, wajen arewa maso gabas ke nan, inda iskar hunturu ke fitowa. Mai tashi ta 24 ya fuskanci digiri 240, kudu maso yamma, mafitar iskar damina. Ashe waɗanda suka shata titin nan sun bi abin da kowane manomi ya sani.

Ka'idar duniya duka ita ce a kira iska da sunan inda ta fito, ba inda ta nufa ba. In ma'aikacin hasumiya ya gaya wa matuƙi iska tana 060, sai a sauka ta 06. Da mai aunawa zai juya maganar, da an aika da jirgi ta bakin da iska za ta bi bayansa. Ga shi kuwa iska ba ta da alkawari. Da farkon damina hadari ya kan taso daga gabas ya birkita ta cikin ɗan lokaci kaɗan, labarin da aka bayar ɗazu ya zama tsohon zance.

Ba mu manta da ran 22 ga Janairu 1973 ba, sa'ad da jirgin alhazai daga Jidda ya kasa zuwa Ikko saboda rashin kyan yanayi, ya juyo Kano, ya tarar da iska mai ƙarfi, ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Ajali na Allah ne, amma kula da aiki an ɗora shi a wuyanmu.

Don haka muna roƙon Gwamnati ta ba kayan awon iska da horon ma'aikata muhimmanci daidai da na kwalta. Makarantar koyon aikin jirgin sama tana nan Zariya tun 1964, inda ɗalibi ke zama cikin na'ura mai kwaikwayon jirgi, a juya masa iska ta kowace fuska har hannunsa ya faɗa. Ya kamata a ga samarin Gusau da Tsafe da Bunguɗu a can.

Malaman makaranta, wannan shiri daga hannunku zai fara. Ku fita da yara fili, ku kafa sanda da ƙyalle, su riƙa rubuta mafitar iska safe da maraice har shekara ta zagayo. Ku kuma akawuna, ga abin lura: wanda ya saba cika littafi yana zaune, bai fita ya duba da idonsa ba, bai cancanci a danƙa masa aikin da rayuka suka rataya a kansa ba. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.